Ƙofa Mai Sarƙa

Har gobe ba na son jin hon ɗin mota a ƙofar gida. 'Ya'yana sun sani, mazajensu da matansu ma sun sani. Duk wanda ya zo gidana da mota, ko wane ne shi, ya kashe ta ya fito da ƙafarsa ya yi sallama. Suna cewa rigimar tsufa ce, ni kuwa na bar su a haka, don ban taɓa gaya musu dalili ba.

Shekarata goma sha ɗaya lokacin da Baba ya sayi mota. Ma'aikacin gwamnati ne, kuma a shekarar ce aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashin nan na tsakiyar shekarun saba'in, wanda ya cika Kaduna da sababbin babura da firji da rediyo mai kaset. Baba bai sayi ko ɗaya daga ciki ba. Ya ƙarasa ginin gidanmu a Unguwar Rimi, ya sayo farar mota, ya sa aka fasa katangar gaba aka fitar mata da ɗaki. Garejin yana kallon titi, a bayansa kuma akwai 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin tsakar gida. Aka yi rufi, aka yi daɓen siminti, sai ƙyaure kaɗai ya rage.

Baba ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan tun yanzu. Ɗan manomi ne wanda ya yi tafiyar makaranta ba takalmi, ya zo birni da akwatin kwano ɗaya. Amma akwai abin da ya gani a gidan shugabansa na ofis ya zauna masa a rai: mutum ya iso ƙofar gidansa, ya danna hon, ƙofa ta buɗe, ya shige bai taka ƙasa ba. A ganin Baba, wanda zai fito daga motarsa da babbar riga ya tsaya kokawa da ƙyaure a gaban jama'a, to bai gama yin mota ba. Jama'ar kuwa akwai su, don daidai ƙofarmu a tsallaken titi akwai bishiyar mangwaro inda mazan layin ke zama tun daga azahar har magariba, ba abin da ke wuce su.

Mu uku ne a gidan: Baba, Inna, da ni. Baba ba ya yarda da ɗaukar maigadi ko ɗan aiki, don garejin a haɗe yake da tsakar gida, kuma Inna tana kulle. Ba tilasta mata aka yi ba. 'Yar gidan malamai ce daga Zariya, haka ta tashi ta ga uwarta, kuma tana alfahari da cewa ba namijin da ya san fuskarta a layin nan. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta faɗin sunana, kamar yadda al'ada ta tanada. "Ke" take ce mini, in ta yi fushi ta ce "wannan yarinya". Ba ta wasa da ni, ba ta yabona a gaban mutane. Bayana ta yi ɓari sau biyu, daga nan shiru har shekara takwas. Baba bai taɓa yi mata gori ba, amma ina ganin yadda yake bin maƙwabcinmu da ido ran Juma'a, in ya fito da 'ya'yansa maza uku cikin fararen kaftani.

Ni na fara gane Inna na da ciki. Ba wanda ya gaya mini. Na dai lura wata uku ke nan ba ta yi fashin salla ba, kuma da Baba ya fita da safe sai ta zaga bayan madafi ta yi ta amai, ta dawo ta zauna tana tsotsar tsamiya. Wata rana ta ɗago kai ta same ni tsaye ina kallonta. Ta share bakinta da gefen zani, ta dube ni sosai.

"Ke. Bakinki. In na ji maganar nan a wurin wani, ke ce."

"Har Baba?" na ce.

"Har shi. Sai ya yi ƙwari."

Ta yi imani cewa bakin mutane ne ya zubar da biyun farko, don tun suna wata biyu dangi suka dinga zuwa barka. Wannan karon ta ƙudura ba wanda zai ji sai ya wuce wata biyar. Ko da ma ba ta gargaɗe ni ba, ina ni ina buɗe baki in yi wa ubana zancen cikin uwata? A gidanmu wannan rashin kunya ce da ba ta da suna.

Ran wata Asabar Baba ya ce in shiga mota in raka shi Rafin Guza wurin mai walda. Ina jin so yake ya sami wanda zai zauna a gaba. Muka kutsa cikin lunguna, yara na bin motar a guje, har muka tsaya gaban wata rumfar kwano cike da ƙarafa. Mai waldar dattijo ne, idanunsa jajur don wutar aiki, rigarsa duk hujin tartsatsi. Ya saurari Baba, sannan ya tsuguna ya ɗauki guntun ƙarfe ya fara zane a ƙasa.

"Yallaɓai, iri uku nake yi. Ga mai ƙyaure biyu, irin na kowa. A zare sakata, a tura waje, a sa dutse a tokare."

Baba ya girgiza kai. Wanda zai tura ƙyauren dole ya fito har bakin titi, sau biyu ma, dama da hagu.

"To ga mai ɗagawa sama. Falle ɗaya ce, da sifirin biyu a gefe, su ke ɗaukar nauyin. Mariƙinta a waje yake, a tsakiya. Ka fito daga mota, ka sa makulli, ka ɗaga. Wallahi 'yar nan taka da hannu ɗaya za ta ɗaga ta."

"In fito daga mota," in ji Baba.

"E, Yallaɓai. Taku huɗu ne."

"In kuma daga ciki za a buɗe fa?"

"Ana yi. Sai dai mai buɗewa a tsakiyar ƙofa zai tsaya, tana tashi duk titi na kallonsa."

Baba ya tambaya ko ana samun mai aiki da lantarki, don ya ji labarin wani Bature da ke da ita, maɓalli kawai ake dannawa. Mai walda ya yi dariya har da tari. Ya ce shi ma labari ya ji, kuma yadda ya ji, an ɗauke wuta kwana biyu motar Baturen na ciki, a keken kukunsa ya je ofis. Baba bai yi dariya ba, don ya so abin.

"Saura ta ukun," in ji mai walda. "Mai naɗewa, irin ta manyan shagunan Babbar Kasuwa. Sarƙa ce a gefe ɗaya daga ciki, jikin bango. Mai ja yana lungu, ƙofa na naɗewa sama, na waje ba ya ganin kowa."

Na ga fuskar Baba ta washe. Abin da yake nema ke nan, ƙofar da za ta tashi kamar da kanta, kuma ba a ga matarsa ba.

"Amma fa Yallaɓai, tsakani da Allah, faɗin garejinka da yawa. Ƙarfen zai yi nauyi. Sarƙar nan ƙato take so. Wa zai riƙa ja?"

"Akwai mai ja," in ji Baba. Sai ya juyo gare ni yana murmushi. "Matar da ke daka wa mutum ashirin a gidansu, ta ja ruwa a rijiya mai gaba goma. Innarki za ta iya, ko ba haka ba?"

Ina tuna komai na wannan lokacin: warin ƙarfen da aka ƙona, zanen nan uku a ƙasa, jajayen idanun dattijon a kaina. Maganar tana bakina. Ba sai na ce ciki ba, da na ce ba ta jin daɗi ma ya isa. Amma Baba zai tambaya me ke damunta, a gaban baƙon namiji, ni kuma an ce mini bakina. Na sunkuyar da kai na ce, "E, za ta iya."

Da muka koma gida Baba ya zana mata ukun a takarda, ya ajiye kan tabarma ya ce wacce ta gani. Ya riga ya ba da aiki, tambayar ta ladabi ce kawai. Inna ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, "Wadda ka gani ta yi, Malam."

Bayan mako biyu aka kafa ta, aka shafa mata koren fenti. Ranar farko mazan gindin mangwaro har tafi suka yi. Baba ya iso ƙarfe uku da rabi, ya danna hon sau biyu, ƙofa ta fara tashi tana ƙara, ba a ga hannun kowa ba. Wani ya ce aljanu Baba ya ajiye. Ya shigo yana dariya har kunne, ya ce wa Inna sannu da aiki, ya wuce ɗaki. Bai ga tana jingine da bango tana mayar da numfashi ba.

Sau huɗu ake buɗe ta a rana: fitarsa ofis, dawowarsa, fitarsa bayan la'asar, dawowarsa kafin magariba. Kowane buɗewa da rufewarsa, kuma rufewar ma aiki ce, don in ka saki sarƙar ƙarfen zai rikito gaba ɗaya. Sai an ja hannu bayan hannu, kamar jan guga, har ƙofar ta kai sama, sannan a rataye sarƙar a wata ƙugiya da ke jikin bango. Na gwada ya fi a ƙirga. Nakan kama in ɗage ƙafafuna in yi lilo, ƙofar ta motsa kamar faɗin yatsa huɗu ta koma. In na kama tare da Inna sai ta ture ni da gwiwar hannu.

"Matsa, kina tare mini wuri."

Tafin hannunta ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin wata. Takan shafa man kaɗanya, ta naɗe hannun da tsumma kafin ta ja, ta kwance kafin Baba ya fito daga mota. Da damina ta kankama ƙarfen ya fara tsatsa, nauyin ya ƙaru. Ni da wayona na ɗebo man gyaɗa a madafi na shafe sarƙar iya inda hannuna ya kai, wai don ta yi sauƙi. Ashe can sama wurin naɗin ake sa mai, ba a inda ake riƙewa ba. Sarƙar ta koma santsi, kwana uku Inna na ja da dukan jikinta kafin toka ta cinye man. Ba ta dake ni ba, ba ta ma yi mini faɗa ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini.

Sau ɗaya na yi yunƙurin magana. Baba na cin tuwo a barandarsa, na kai masa ruwa na durƙusa ban tashi ba.

"Baba, ƙofar nan..."

"Me ta yi? Jiya ma wani abokin aikina ya ce in kai shi wurin mai waldar."

Ta taga na hango Inna tsaye a bakin madafi da ludayi a hannu, ta tsayar da abin da take yi. Na ce, "Ba komai." Na ɗauki kwanon wanke hannu na fita. A lokacin cikin ya shiga wata na biyar. Ta ce mini saura kwana goma ta gaya masa, ranar Juma'a ta sama, bayan ya dawo masallaci. Har ta fara ɗinka 'yar riga da hannu tana ɓoyewa a ƙarƙashin kwallayenta.

Ranar Alhamis ce, saura kwana takwas. An yi ruwa tun hantsi, ya ɗauke wajen azahar. Na dawo makarantar boko ina wanke allona a bakin famfo, na ji hon sau biyu. Inna ta taso daga kan tabarma, ta naɗe hannunta, ta shiga gareji. Na ji ƙarar ƙarfe ta fara kamar kullum, sai ta tsaya. Baba ya sake danna hon.

Sai na ji an kira sunana.

Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin sunana a cikinta ba. Na yar da allo na ruga. Ƙofar ta tashi iya gwiwa, haske na shigowa ta ƙasa, ina ganin tayoyin motar da jan laka a jikinsu. Inna na durƙushe a lungu, hannayenta biyu a sama riƙe da sarƙa, goshinta a jikin bango. Ƙugiyar ta yi mata nisa, kuma ta ƙi saki. Zaninta ya jiƙe, jini na bin daɓen siminti yana gangarawa wajen ƙofa.

Ta sake kiran sunana, a hankali. "Riƙe, in tare jinin. Kar ya gangara waje su gani."

Na kama, ta saki. Sarƙar ta fizge daga hannuna ta tafi da fatar yatsuna, ƙofar ta faɗo da ƙarar da ta girgiza kwanon rufi. A waje Baba ya ɗora hannu a kan hon bai ɗaga ba. Ban san tsawon lokacin da ya yi yana dannawa ba. Na san dai ina rungume da kan Inna ina ihu, kuma hon ɗin ya danne ihuna.

Ƙofar ba ta da mariƙi a waje, haka ya zaɓe ta. Dole ya fito ya zagayo ta zaure, ya ratsa tsakar gida, yana tafe yana faɗa. Ya tsaya a bakin 'yar ƙofar baya, faɗan ya mutu a bakinsa. Ya dubi jinin, ya dubi cikin da zani ya daina ɓoyewa, ya ce, "Inna lillahi." Ya sunkuce ta kamar yarinya. Tana cewa mayafinta, mayafinta, bai tsaya ba. Ya fita da ita ta zaure kai ba ɗankwali, ya wuce da ita gaban mazan gindin mangwaro, duk suka miƙe tsaye. Ranar suka fara ganin fuskar Inna.

Cikin ya zube, namiji ne. A asibiti aka yi mata aiki don a tsayar da jinin, kuma likita ya gaya wa Baba ta gama haihuwa. Washegari da safe Baba da limamin layinmu suka kai shi maƙabarta, naɗe a ƙyallen da bai kai ɗankwali ba. Ba a yi zaman makoki ba, don ba a yi wa irinsa. Matan maƙwabta suka shigo suka wanke garejin, suka yi mini tuwo na kasa ci.

Kwana uku motar na kwana a waje. A rana ta huɗu Baba ya dawo daga asibiti da la'asar, ya shigo ta zaure, ya wuce gareji bai cire babbar rigarsa ba. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Ya kama sarƙar ya ja da hannu ɗaya, ba ta motsa ba. Ya sa hannu biyu. Ya tattare riga, ya kafa ƙafa, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito, ƙofar ta tashi a hankali. Wata biyu da kafa ta, ranar ya fara taɓa ta. Da ta kai iya gwiwa ya tsaya, ya mayar da ita ƙasa, ya buɗe tafin hannunsa yana kallo.

"Kullum haka take?"

"In an yi ruwa ta fi haka," na ce.

Sannan, bai juyo ba, ya ce, "Ran da muka je Rafin Guza, kin sani?"

Na ce, "E."

Na jira mari, ina ma son ya zo. Bai zo ba. Baba ya zauna a ƙasa kan simintin da aka wanke, da farar rigarsa, ya rufe fuska da hula. Ban taɓa ganin babban mutum na kuka ba sai ranar, kuma ban ji tausayinsa ba. Haushinsa nake ji, da na Inna, da na duk wanda ya koya mana cewa shiru shi ne tarbiyya. Na fi jin haushin kaina, kuma shi ne wanda bai tafi ba har yau.

Inna ta dawo bayan mako uku, ta rame, tana tafiya tana dafa bango. Ba ta yi zancen ba, ba ta kuma sake faɗin sunana ba har ta bar duniya, na koma "ke". 'Yar rigar nan ban san inda ta kai ta ba. Baba bai sake danna hon a ƙofar gida ba, amma akwai wasu motocin a layin. Shekara da shekaru, in wata ta yi hon wajen uku da rabi, sai in ga Inna ta miƙe tana goge hannu a zani, ta yi taku biyu, sannan ta tuna ta koma ta zauna.

Tun kafin Inna ta dawo daga asibiti Baba ya sa an cire ƙofar. Mai walda ya zo da kansa ya kwance ta, bai ce ai na faɗa ba, bai ma ɗaga ido ya dubi kowa ba. Ya kafa mai sifirin ɗin, wadda mariƙinta ke waje. Da ya gama ya tattara kayan aikinsa, ya ce a gwada. Baba na tsaye a gefe ya harɗe hannu a baya, ya ƙi matsowa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Zo, 'yata."

Yatsun hannuna na dama suna naɗe da bandeji har lokacin. Na sa na hagu na kama mariƙin, na ɗan ɗaga. Ƙofar ta tashi sama da kanta, ko ƙara ba ta yi ba.